Wa Ake Dubawa da Wuri? Sankarar Huhu da Gwagwarmayar Denis Goldberg

A shekarar 2017, Denis Goldberg, ɗan gwagwarmayar yaƙi da wariyar launin fata a Afirka ta Kudu, yana da shekara 84, yana zagayen ba da lacca a Jamus, sai ya yanke jiki ya faɗi. Da likitoci suka bincika, suka tarar da sankarar huhu, kuma ta riga ta kai mataki na huɗu, wanda shi ne na ƙarshe, inda cutar ta bar mazauninta ta bazu. Mutum ne mai ilimi, injiniya, sananne a ƙasashe da dama, wanda ganin likita ba ya yi masa wuya. Duk da haka sai da ta yi nisa aka gano ta. Ba sai an nemo sakacin wani ba kafin a fahimci hakan. Haka cutar take yi wa mafi yawan waɗanda ta kama, kuma dalilin yana cikin yanayin halittar huhun kansa.

Naman huhu ba shi da jijiyoyin da ke kai saƙon zafi zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙari zai iya tsirowa a tsakiyarsa, ya kai santimita uku, ya kai biyar, mutum yana ta harkokinsa bai san dawan garin ba. Zafi ba ya zuwa sai ƙarin ya taɓo tantanin da ya lulluɓe huhun, ko ya ci haƙarƙari, ko ya danne wata jijiya. Ga kuma rarar da aka yi wa huhu: na dama kashi uku ne, na hagu biyu, kuma mai zaman ofis ko shago ba ya cinye ƙarfinsu a aikinsa na yau da kullum. Wani sashe zai iya toshewa numfashi bai sarƙe ba. Alamun da ke fara fitowa kuwa duk na cututtukan da aka raina ne: tarin da ya ƙi tafiya bayan mako uku, dushewar murya, kasala, rama ba tare da dalili ba, ciwon ƙirji da ake warkewa ya sake dawowa a gefe guda. Wani lokaci kan yatsu ya kumbura, farce ya lanƙwashe. Jini a cikin kaki shi ne ke tayar wa mutane da hankali, amma ba kowa ke ganinsa ba. Akwai waɗanda abin da zai fara kai su asibiti ciwon baya ne, ko farfaɗiya, saboda cutar ta riga ta isa ƙashi ko ƙwaƙwalwa. Waɗannan biyun, da hanta, da wasu ƙananan halittu da ke saman ƙoda, su ne wuraren da ta fi son zuwa.

Yadda take farawa ba a kwana ɗaya ba ne. Baligi yana numfashi kusan sau 20,000 a yini, kuma duk abin da ke cikin iskar yana bi ta hanyoyin huhu. Hanyoyin nan shimfiɗe suke da wasu ƙananan gasu masu kaɗawa ba dare ba rana, kamar tsintsiya, suna share majina da ƙura zuwa maƙogwaro. Hayaƙin taba yana kashe musu ƙarfi, don haka dattin da ya kamata ya fita sai ya zauna. A cikin hayaƙin akwai sinadarai fiye da 7,000, kusan 70 daga cikinsu an tabbatar suna haddasa kansa, wato sankara. Aikinsu shi ne ɓata rubutun gado da ke cikin ƙwayar halitta, wanda ke gaya mata lokacin da za ta rabu gida biyu da lokacin da za ta tsaya. Jiki yana gyara yawancin ɓarnar, amma ba duka ba. Kuskure yana hawa kan kuskure, shekara ashirin, shekara talatin, har a sami ƙwaya ɗaya da ta daina jin umarnin tsayawa. Daga ita ƙarin yake tashi.

Likitoci sun kasa cutar gida biyu bisa yadda ƙwayoyinta ke bayyana a madubin ɗakin gwaji. Kusan kashi 15 cikin 100 masu ƙananan ƙwayoyi ne. Wannan nau'in yana da saurin yaɗuwa, kusan kullum yana da alaƙa da taba, kuma da wuya a same shi a lokacin da wuƙar tiyata za ta yi amfani. Sauran kashi 85 ɗin sun fi tafiya a hankali, kuma a cikinsu ne ake samun nau'in da ya fi kama mata da waɗanda ba su taɓa sa sigari a baki ba. Bambancin da ke tsakanin ganowa da wuri da ganowa a makare ba ƙarami ba ne. A ƙididdigar Amurka, idan aka same ta tana wuri guda, kusan shida cikin goma suna raye bayan shekara biyar. Idan ta bazu nesa, ba su kai ɗaya cikin goma ba. A duniya baki ɗaya, a 2022, mutum kusan miliyan 2.5 aka gano suna da ita, kusan miliyan 1.8 suka mutu. Babu wata kansa da ke kisa kamarta.

An haifi Goldberg a Cape Town ranar 11 ga Afrilun 1933. Kwana shida kafin nan, a birnin St. Louis na Amurka, wani likitan tiyata mai suna Evarts Graham ya cire wa wani majinyaci huhu guda sukutum saboda sankara, kuma mutumin ya rayu. Wannan ne karo na farko da aka yi hakan cikin nasara. Graham mashayin sigari ne, kuma da farko bai ɗauki zancen alaƙar taba da cutar da muhimmanci ba. A 1950 shi da wani ɗalibi, Ernst Wynder, suka wallafa binciken da ya nuna alaƙar, a shekarar da Richard Doll da Bradford Hill suka fitar da nasu a Ingila. Graham ya daina sha, amma aikin gama ya gama: sankarar huhu ce ta kashe shi a 1957, majinyacin da ya yi wa aiki kuwa yana nan da ransa. Sai a ranar 11 ga Janairun 1964 babban likitan gwamnatin Amurka, Luther Terry, ya fito ya faɗa da bakin hukuma cewa sigari na jawo sankarar huhu. An zaɓi ranar Asabar don kada kasuwar hannun jari ta girgiza.

A daidai wannan lokaci Goldberg yana zaune a akwatin waɗanda ake tuhuma a kotun Pretoria, shi ne na uku a jeri, bayan Nelson Mandela da Walter Sisulu.

Goldberg Bayahude ne, farar fata, ɗan iyaye 'yan kwaminis da suka zo daga Landan. A tsarin wariyar launin fata da jam'iyyar National ta kafa bayan ta ci zaɓen 1948, babu abin da ya rasa. Dokar rajistar jama'a ta 1950 ta sa shi a rukunin sama. Dokar raba unguwanni ta ba shi damar zama inda ya so. Ya yi karatun injiniya a Jami'ar Cape Town, aiki yana jiransa. Wannan ne ya sa labarinsa ke da wuyar fahimta ga wanda ya ɗauka gwagwarmaya sai wanda aka taka: shi ba a taka shi ba, an ma shimfiɗa masa hanya, ya ƙi bi. Ya shiga shirya babban taron jama'a na 1955 a Kliptown inda aka amince da Kundin 'Yanci. Bayan kisan Sharpeville na 21 ga Maris 1960, inda 'yan sanda suka harbe mutum 69 masu zanga-zangar ƙin takardar fasfo ta cikin gida, gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci, aka tsare shi wata huɗu ba shari'a, aka tsare mahaifiyarsa ma. Da aka kafa Umkhonto we Sizwe, reshe mai ɗauke da makami na ANC, ƙungiyar su Mandela mai yaƙi da wariya, a Disambar 1961, sai iliminsa na injiniya ya zama abin nema. Shi aka ɗora wa tunanin yadda za a ƙera makamai da kayan fashewa. Ranar 11 ga Yulin 1963 'yan sanda suka dira gonar Liliesleaf a unguwar Rivonia, wajen Johannesburg, suka kama shi tare da sauran shugabanni.

Kowa ya sa ran rataya. Duniya ta matsa lamba, har Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya nemi a dakatar da shari'ar. Ranar 12 ga Yunin 1964 alƙali Quartus de Wet ya yanke wa mutum takwas ɗaurin rai-da-rai. Mahaifiyar Goldberg tana cikin 'yan kallo, ba ta ji abin da alƙalin ya ce ba, ta ɗaga murya tana tambaya. Ya juyo ya ce mata rai-da-rai ne, kuma rayuwa abu ce mai daɗi. Shekararsa 31, shi ne ƙaraminsu.

Daga nan wariyar ta bi su har kurkuku. Bakwai ɗin, har da Ahmed Kathrada ɗan asalin Indiya, aka kwashe su zuwa tsibirin Robben. Goldberg shi kaɗai aka bari a Pretoria, a sashen fararen fata, don doka ba ta yarda a haɗa launi ba ko a ɗakin kaso. A tsibirin ma sai da aka sake tacewa: baƙi gajeren wando da fate-faten masara, Ba'indiye dogon wando da burodi. Ana iya cewa Goldberg ya fi su sauƙin abinci da makwanci, kuma gaskiya ne. Amma su suna da yawa, suna da juna, sun mai da kurkukun makaranta. Shi kuwa 'yan tsirarun fursunonin siyasa ne tare da shi, a hannun gandirobobin da ke kallonsu a matsayin maciya amanar jinsinsu, a gidan yarin da ake rataye mutane, suna jin waƙar waɗanda za a kai ga igiya. A farko wasiƙa ɗaya ake ba shi damar rubutawa duk wata shida, kalma 500. Matarsa Esme da 'ya'yansu biyu suna gudun hijira a Ingila. Uwa da uba duk sun rasu yana tsare.

A can ne ya ga sankara ido da ido, a jikin wani. Bram Fischer, lauyan da ya jagoranci kare su a shari'ar Rivonia, ɗan babban gidan Afrikaner, wato fararen fatar da ke riƙe da mulkin ƙasar a lokacin, shi ma an ɗaure shi rai-da-rai a 1966, aka kawo shi sashensu. A 1974 jikinsa ya fara lalacewa. Ya zame ya faɗi a wurin wanka, ƙashin cinyarsa ya karye, aka yi kusan mako biyu kafin a kai shi asibiti. Da aka dawo da shi ba ya iya tashi, hankalinsa yana zuwa yana komawa. Goldberg ne ya nemi a bar shi ya riƙa kwana a ɗakinsa, yana ba shi abinci, yana ɗaukarsa zuwa bayan gida. A ɓoye kuma yana rubuta komai da rana da kwanan wata: yaushe aka roƙi likita, yaushe ya zo, me ya ce, me aka ƙi yi. Aikin injiniya ke nan, mai yarda da rubutaccen lissafi. Kansar Fischer ba ta huhu ba ce, amma abin da rubutun ya adana ya shafi kowace iri: cuta ce da lokaci ke yanke mata hukunci, kuma wanda ke riƙe da makullin ƙofa shi ke riƙe da lokacin. Sai da mutuwa ta matso aka mai da Fischer gidan ɗan'uwansa a Bloemfontein, bayan an ayyana gidan a matsayin kurkuku. Ya rasu ranar 8 ga Mayun 1975, hukumar gidan yari ta karɓe tokar gawarsa.

Fitar Goldberg a 1985, bayan shekara 22, ta zo da ƙura. Shugaba P.W. Botha ya yi tayin sakin fursunonin siyasa in za su yi alkawarin barin tashin hankali. Mandela ya ƙi, 'yarsa Zindzi ta karanta amsarsa a filin wasa na Jabulani a Soweto. Goldberg ya sa hannu a kan cewa shi ba zai sake ɗaukar makami ba, ya fita. Wasu abokan gwagwarmaya sun ji zafin hakan. A ganina, wanda bai kwana shekara 22 a ɗakin kaso ba ya kamata ya tauna kafin ya yanke hukunci, kuma abin da ya yi da 'yancin shi ne ma'auni. An kai shi Isra'ila, inda 'yarsa take. Bai daɗe ba ya fito fili ya soki haɗin kan ƙasar da gwamnatin wariya da kuma yadda ake yi wa Falasɗinawa, matsayin da bai sauka daga kai ba har ya mutu. Ya wuce Landan ya koma aikin ANC, yana yawo ƙasa-ƙasa yana neman a ƙaƙaba wa Pretoria takunkumi, har gaban kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya na yaƙi da wariyar launin fata. Kwamitin nan ba baƙo ba ne a gare mu: 'yan Najeriya sun daɗe suna shugabantarsa, ciki har da Ɗanmasanin Kano, Yusuf Maitama Sule, da Janar Joe Garba. Goldberg ya koma gida a 2002, ya yi wa ministan ruwa Ronnie Kasrils mashawarci, kuma da almundahana ta dabaibaye mulkin Jacob Zuma bai yi shiru don kunyar jam'iyya ba.

Bayan an gano cutar ya rayu kusan shekara uku, wanda ga mai mataki na huɗu a shekarunsa ba kaɗan ba ne. An yi masa kemoterafi, wato magungunan da ke kashe ƙwayoyi masu saurin rabuwa, masu cutar da lafiyayyu baki ɗaya, shi ya sa gashi ke zubewa, baki ya yi gyambo. A wannan mataki ba warkewa ake nema ba, ana neman rage ƙarin ne da sayen lokaci mai amfani. Ya kashe nasa lokacin wajen tara kuɗin gina cibiyar fasaha da kiɗa ta yara a Hout Bay, garin da yake zaune. Garin kansa taswirar wariya ce da ba ta goge ba: masu hali a kwari, masunta 'yan gauraye a Hangberg kusa da tashar jiragen ruwa, baƙi a gidajen kwano na Imizamo Yethu a jikin dutse. So yake yaran unguwannin uku su haɗu a ɗaki ɗaya. Ya rasu ranar 29 ga Afrilun 2020 yana da shekara 87, ƙasar tana cikin kullen korona. Andrew Mlangeni, na ƙarshen mutanen Rivonia, ya bi shi a watan Yuli.

To, Goldberg ya san sunan abin da ya kashe shi. Dubban mutanen da ya yi ɗaurin dominsu ba su sami ko wannan ba, kuma a nan ne batun huhu da batun wariya suke zama abu guda.

Afirka ta Kudu tana cikin manyan masu haƙo asbestos a duniya a ƙarnin da ya wuce, shuɗi a yankin Prieska da Kuruman, ruwan ƙasa a Penge. Ma'adini ne mai zare-zare siriri wanda wuta ba ta ci, shi ya sa aka zuba shi a kwanon rufi, da bututun ruwa, da birkin mota. In zaren ya shiga huhu ba ya narkewa, ba ya fita. Yana jawo sankarar huhu, kuma in ya haɗu da taba haɗarin ninkawa yake yi, ba ƙaruwa kawai ba. Yana kuma jawo wata kansar ta tantanin huhu da ake kira mesoteliyoma, wadda kan ɗauki shekara 20 zuwa 40 kafin ta bayyana. Wani likita, Gerrit Schepers, da ya ziyarci Penge a 1949, ya ba da labarin ƙananan yara a cikin manyan buhuna suna tattake asbestos da ƙafa yana zubo musu a ka, ga mai bulala tsaye a kansu. A 1960 likita J.C. Wagner da abokan aikinsa suka wallafa bayanin majinyata 33 masu mesoteliyoma, kusan dukkansu sun yi mu'amala da shuɗin asbestos, kuma da yawansu ba ma'aikatan rami ba ne, zama kawai suka yi kusa da tulin sharar. Binciken ya zagaye duniya. A ƙasar da aka yi shi kuwa haƙar ta ci gaba, har ta ƙaru, kuma ba a haramta asbestos gaba ɗaya ba sai 2008. Da mutum kusan 7,500 suka kai ƙarar kamfanin Cape na Birtaniya, sai da aka je har kotun ƙoli ta Majalisar Dattawan Ingila a 2000 don kawai a yarda a saurare su a can. Abin da kamfanin ya biya a 2003 fam miliyan 7.5 ne. A raba a gani.

A ramukan zinariya kuma ƙurar dutse ce. Tana sa huhu ya yi tabo ya ƙandare, tana buɗe wa tarin fuka ƙofa, kuma ita ma an tabbatar tana jawo kansa. Tsarin ƙwadago na lokacin ya yi wa kamfanoni daɗi ƙwarai: a ɗauko matashi daga Lesotho, ko Mozambik, ko Transkei, a kan kwantiragi, ya zauna a barikin maza, in ya fara tari a sallame shi ya koma ƙauye. Doka ta tanadi diyya, har ma da binciken huhun mahaƙin da ya mutu don a biya iyalinsa, amma kuɗin da ake ba Bature ya ninka na baƙi sau da yawa, kuma wa zai aiko da huhun mamaci daga tsaunukan Lesotho zuwa ɗakin gwaji a Johannesburg? Wanda ya mutu a can ba ya cikin lissafin kowa. Sai a 2018 kamfanonin zinariya suka amince da sulhun rand biliyan 5 kan cutar ƙurar dutse da tarin fuka, lokacin da da yawa daga masu haƙƙin sun riga mu gidan gaskiya. A Afirka ta Kudun nan ce fa aka yi dashen zuciya na farko a duniya, a asibitin Groote Schuur, a Disambar 1967. Ilimin yana nan, kayan aikin suna nan. Ɗakunan kwanciyar asibitin a lokacin a rabe suke bisa launi.

Amurka ta nuna cewa irin wannan tacewa tana iya faruwa ba tare da dokar wariya ba. Wani babban gwaji da aka fitar a 2011 ya tabbatar da cewa yi wa tsofaffin mashaya hoton CT mai ƙarancin haske, wanda ke nuna cikin ƙirji dalla-dalla, yana rage mutuwa daga sankarar huhu da kusan kashi 20 cikin 100. Sai aka sa sharaɗi a 2013: ɗan shekara 55 zuwa 80, wanda ya sha kwatankwacin kwali ɗaya a rana na shekara 30. A takarda babu launi a ciki. A zahiri kuwa baƙaƙen Amurka sun fi kamuwa da ƙarancin shekaru, kuma bayan sun sha sigarin da bai kai na fararen ba, don haka ma'aunin ya zubar da da yawansu. A 2021 aka sauko da shi zuwa shekara 50 da kwali ɗaya na shekara 20. Su ne kuma kamfanonin taba suka yi shekaru suna tallata wa sigari mai sanyin minti, wanda ke ɓoye kaushin hayaƙi ya sa dainawa ta yi wuya, har kusan kashi 85 cikin 100 na mashayansu shi suke sha.

Idan aka duba taswirar cutar ta duniya, za a ga Afirka ta Yamma tana cikin wuraren da ta fi ƙaranci. Wani ɓangare na hakan gaskiya ne: ba mu kai Turai da Sin shan taba ba, matanmu kaɗan ne ke sha, kuma yawancin jama'armu matasa ne, cutar kuwa ta fi kama waɗanda suka haura 60. Amma wani ɓangaren irin lissafin ramukan zinariya ne. Ana ƙirga wanda aka gwada ne kawai.

A duba yadda abin ke tafiya a asibitocinmu. Dattijo ya zo da tari na wata biyu, ya rame, yana gumin dare, ya ga jini a kaki sau ɗaya. Duk ma'aikacin lafiyar da ya san aikinsa tarin fuka zai fara kawowa a rai, kuma yana da hujja, don Najeriya tana cikin ƙasashen da suka fi fama da shi a duniya. Aka gwada kaki, ba a ga ƙwayar cutar ba. Hoton ƙirji ya nuna inuwa a saman huhu. Sai a ce a fara magani a gani, tunda kyauta ne, ga shi a kusa, hoton CT kuwa sai babban birni da kuɗi masu nauyi. Wata shida ake shan maganin. Wata biyu, uku, ba sauƙi; sai a ce ko ba ya sha a kan lokaci, ko nau'in mai gardama ne. Iyali su koma ga rubutu da saƙe-saƙi, wasu su fara raɗe-raɗin sammu. Kafin wani ya ce a ɗebo ɗan nama daga ƙarin a duba, wanda shi kaɗai ne ke tabbatar da sankara, cutar ta tsallake matakin da tiyata za ta cire ta. In ya rasu, tarin fuka za a rubuta, ko a ce ajali. Abin da ya ƙara rikita lamarin, cututtukan biyu suna iya haɗuwa a ƙirji ɗaya, kuma tabon tsohon tarin fuka shi kansa yana ƙara haɗarin sankara.

Tambayar nan ta "yana shan taba?" ma tana iya ɓatar da mu. Taba ce ke da alhakin kusan kashi 85 cikin 100 na cutar a duniya, kuma wanda ya daina, bayan shekara goma haɗarinsa ya ragu da kusan rabi, don haka babu shekarun da dainawa ba ta da riba. Shishar da ta zama ado a tsakanin samari da 'yan mata ba ta fita daga lissafin ba. Ruwan da hayaƙin ke ratsawa sanyaya shi yake yi, ba ya tace gubar. Amma akwai matar da ta yi shekara arba'in tana hura itace a madafa marar taga, da direban da ke kwana cikin hayaƙin dizal, da mai fasa dutse ko niƙa ƙasar zinariya ba takunkumi, da wanda ke yanka tsohon kwanon asbestos da zarto. Akwai iskar radon, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana fitowa daga duwatsu masu yuraniyom. Ita ce ta biyu bayan taba, kuma a jikin mahaƙa aka fara gane ta, abin da ya sa zancen ya shafi duk wanda ya yi aikin rami a Arlit, garin haƙar yuraniyom a Nijar. Irin waɗannan mutane in suka ce ba su taɓa shan sigari ba, sai a cire sankara daga zargi, alhali su ne ya kamata a ƙara dubawa.

Kuma su ne magungunan zamani suka fi yi wa amfani. Tun 2004 aka gano cewa wasu masu cutar, musamman marasa shan taba, ƙarinsu yana ɗauke da wani sauyi takamaimai a rubutun gadonsa, ana ce masa EGFR, wanda ƙwayar magani ta haɗiya ke iya toshewa har ƙarin ya motse. Daga 2015 kuma aka fara amfani da magungunan da ke kwance wa garkuwar jiki hannu ta yaƙi kansar da kanta, binciken da ya jawo wa James Allison da Tasuku Honjo kyautar Nobel a 2018. Akwai masu mataki na huɗu da suka yi shekaru a kansu suna zuwa aiki. Kuɗinsu ya fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba, kuma ba a fara su sai an ɗebo naman an gwada. Abin da ke hannun iyali tun kafin a kai can shi ne tambaya: idan gwajin kaki bai nuna tarin fuka ba, ko an yi wata biyu ana shan magani babu canji, musamman ga wanda ya haura 40, a nemi likita ya faɗi me kuma zai iya zama, a nemi takardar turawa babban asibiti, a tafi da tsohon hoton ƙirjin don a gwada shi da sabo.